Raba sigina mai ƙarfi da mai rauni a rada idan amsa-kuwwa ta biyo hanya fiye da ɗaya

Tambaya: "Malam, ina aikin digiri na biyu a kan bayanan wata rada da aka kafa a bakin teku, mita 20 sama da ruwa. Tana aiki a gigahaz 10, faɗin zangonta megahaz 50, tana da jerin eriya 16 a tsaye, tsawon jerin kusan mita ɗaya. Ƙaramin jirgin sama da ke tashi ƙasa-ƙasa, kamar mita 50 a nisan kilomita 10, yakan ɓace mini idan ya zo kusa da babban jirgin ruwa. Ko babu jirgin ruwan ma, tsayin da nake samu sai ya yi ta hawa da sauka. Na cire sigina mai ƙarfin da dabarar CLEAN, abin da ya rage ya fi ƙaramin jirgin ƙarfi. Na gwada MUSIC, dabarar raba sigina ta kusurwar da suka fito, ƙololuwa ɗaya ya ba ni. Ina matsalar take?"

Ɗan'uwa, matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma kowace da maganinta. Ta farko: abubuwa biyu ne daban, jirgin ruwa da jirgin sama, kowa yana gurbinsa na nisa, wato ɗan yankin nisan da rada ke gani a matsayin wuri ɗaya, amma ƙarfin babban ya malala ya rufe gurbin ƙaramin. Ta biyu: abu ɗaya ne, jirgin saman, amma amsa-kuwwarsa ta dawo ta hanya miƙaƙƙiya da kuma ta hanyar da ta daki fuskar ruwa, dukansu suka faɗa gurbi ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne, gwargwadon kyawun awon da ka yi wa sigina mai ƙarfi, gwargwadon abin da za ka iya gani na mai rauni. Yawancin masu wannan aiki suna zuba ƙoƙarinsu wajen farautar mai raunin, alhali aikin yana wajen mai ƙarfin.

Mu fara da lissafin wurin da kake

Faɗin zango megahaz 50 yana ba ka gurbin nisa na mita 3, domin gurbi shi ne saurin haske a raba da ninki biyu na faɗin zango. Bambancin tsawon hanya tsakanin miƙaƙƙiya da ta ruwa kuwa, ka ninka tsayin rada da tsayin jirgi, ka ninka da biyu, ka raba da nisa: 2 sau 20 sau 50 a raba da 10,000, wato santimita 20. A allon nisa wannan santimita 10 ne kacal, kashi ɗaya cikin talatin na gurbinka. Kafin ka raba su ta nisa sai kana da faɗin zango na gigahaz 1.5. Saboda haka cire rai da wannan hanyar.

Ta kusurwa fa? Miƙaƙƙiyar tana zuwa daga digiri 0.17 sama da layin kwance, ta ruwa tana zuwa daga digiri 0.4 ƙasa da shi, kamar daga wani jirgin da ke mita 50 a ƙarƙashin teku. Tazararsu digiri 0.57. Jerin eriya mai tsawon mita ɗaya a tsawon igiya na santimita 3 faɗin haskensa, wato kusurwar da yake kallo a lokaci ɗaya, kusan digiri 1.7 ne. Ke nan su biyun suna cikin sulusin haske ɗaya. Ta Dopla kuma, wato sauyin zangon sigina da motsin abu ke jawowa, abin ya fi muni: idan jirgin yana tahowa da mita 50 a daƙiƙa, bambancin hanyoyin biyu bai wuce haz 0.03 ba, sai ka tara sigina na rabin minti kafin ka gan shi, kuma kafin nan jirgin ya bar wurin.

Kada kuma ka ɗauka ta ruwan mai rauni ce. A irin wannan ƙaramar kusurwa, ruwa mai kwanciya yana mayar da kusan duk abin da ya dake shi, yana kuma juya fez ɗinsa, wato matsayin igiya a zagayenta, da digiri 180. Ma'aunin Rayleigh ya ce fuska sumul take matuƙar tudun da ke kanta bai kai tsawon igiya a raba da takwas sau sayin ɗin kusurwa ba. A wurinka amsar ta haura rabin mita kaɗan. Wato igiyar teku mai tsayin kamu ɗaya, a idon radarka madubi ce. Tun da sigina na iya tafiya ta kowace hanya ta kuma dawo ta kowace, haɗuwa huɗu ake samu. Idan suka dace, ƙarfi ya ninka har sau 16, desibel 12 ke nan a ma'aunin kwatanta ƙarfin sigina. Idan suka saɓa, su kashe juna. A nisan kilomita 10, duk hawan mita 7.5 da jirgin ya yi yana fita daga wani ramin ya faɗa wani. Hawa da saukar da kake gani a tsayi daga nan yake. David Barton ya yi cikakken bayanin wannan matsalar bin abu mai tashi ƙasa-ƙasa tun 1974, kuma har yau ba a rufe babinta ba.

Duba na'ura kafin ka zargi lissafi

Jirgin ruwa mai faɗin gani (girmansa a idon rada) na murabba'in mita 10,000 da jirgin sama mai murabba'in mita ɗaya, bambancinsu desibel 40 ne. Idan ƙaramin ya faɗa ramin da na ambata, ƙara desibel 10 ko 20 a kai. Kana neman hasken ashana ne kusa da fitilar mota.

Idan amfilifayar farko ko mahaɗin sigina ya cika ya batse saboda jirgin ruwan, abubuwa biyu ke faruwa. Ƙarfin ƙaramar siginar yana raguwa, sannan na'urar tana haifar da ƙololuwan ƙarya da babu su a teku. Babu lissafin da zai gyara wannan daga baya. Gwajin mai sauƙi ne idan kana da damar taɓa radar: sa abin rage ƙarfi na desibel 10 a gaban mai karɓa. Duk abin gaskiya zai sauka da desibel 10. Abin da ya sauka da 20 ko 30, na'urar ce ta haife shi. Idan bayanan da aka riga aka naɗa kawai gare ka, duba ɗanyen samfura ka ga ko suna taɓa rufin na'urar mayar da sigina lambobi. Mai bit 12 a takarda tana da desibel 74, a aikace ka sa ran 65 ko kusa da haka. Ni nakan bar sigina mafi ƙarfi aƙalla desibel 6 ƙasa da rufi. Akwai kuma rawar fez ta osileta, na'urar da ke samar da igiyar radar: jirgin ruwan yana ɗaukar wannan rawar ya shimfiɗa ta a duk guraben Dopla na nisansa, sai ka ga ƙasan hayaniya ya tashi a layinsa shi kaɗai. Idan ka ga wannan, ka ga iyakar radarka.

Abu mafi arha: Dopla da taga

Jirgin ruwa da ke tafiyar mita 5 a daƙiƙa yana ba da haz 333, jirgin sama mai mita 50 yana ba da haz 3,333. Wannan tazara babba ce, don haka ka fara raba su a nan kafin ka taɓa wata dabara mai wuya. Inda abin ke gagara shi ne lokacin da jirgin saman ke gitta radar ta gefe, saurinsa zuwa gare ka ya kusa sifili.

Sai taga, wato rage nauyin samfuran farko da na ƙarshe kafin a sarrafa sigina, don a danne ƙananan tuddan da ke fitowa a gefen ƙololuwa. Siginar da aka matse ba tare da taga ba, tudun gefenta na farko desibel 13.2 kawai yake ƙasa da ƙololuwa, kuma sauran suna sauka ne a hankali. Abin da ke desibel 40 ƙasa zai nutse a cikinsu har gurabe talatin daga jirgin ruwan, kusan mita 90. Tagar Hamming tana kai tuddan gefe zuwa desibel 43 ƙasa, amma ƙololuwar tana faɗi da kusan rabi, ka kuma yi asarar desibel 1.3. A lamarinka 43 bai isa ba, ƙaramin jirgin zai leƙo da desibel 3 kacal. Blackman tana ba da 58. Blackman-Harris mai sassa huɗu tana ba da 92, sai dai ƙololuwarta ta ninka faɗi, ta haɗiye duk abin da ke cikin gurabe huɗu na kusa. Ni Taylor ko Chebyshev nake zaɓa, saboda kai ne ke faɗa musu zurfin da kake so. Ƙa'idata ita ce bambancin ƙarfi, a ƙara masa desibel 15. Ka sa tagar a nisa, ka sa ta a Dopla ma. Kuma ka sani, waɗannan lambobin na sigina ce marar aibi. Idan tace-tacen radarka suna da ɗan lanƙwasa a ƙarfi ko a fez, tuddan gefe za su tsaya inda na'urar ta tsayar da su, ko wace taga ka sa.

Dalilin da CLEAN ya bar maka saura

Jan Högbom ne ya fito da CLEAN a 1974 don hotunan taurari na rediyo, Tsao da Steinberg suka kawo shi rada a 1988. Tunaninsa miƙaƙƙe ne: nemo ƙololuwa mafi girma, auna wurinta da girmanta da fez ɗinta, gina kwafinta haɗe da duk tuddan gefenta, cire, sake nema. Wahalar tana cikin kalmar "kwafi", kuma a nan ne ya kamata ka zauna.

Kuskuren kashi 10 cikin ɗari a girma yana barin saura desibel 20 ƙasa da asali. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari yana barin 40. Kuskuren digiri ɗaya tak a fez yana barin 35, wanda ya riga ya fi ƙaramin jirginka ƙarfi. Na nisa ya fi su tsanani. Idan ka kuskure wurin ƙololuwa da kashi ɗaya cikin goma na gurbi, sauran da zai rage desibel 17 kawai yake ƙasa. Don ka kai 50, sai kuskurenka bai wuce kashi ɗaya cikin 400 na gurbi ba, wato milimita 7 a gurbin mita 3. Wanda ya ɗauki lambar gurbin da ya fi girma ya ce nan ne wurin jirgin, kuskurensa na iya kaiwa rabin gurbi. Alamar wannan a fili take: bayan cirewa za ka ga tudu biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da rami a tsakiya inda ƙololuwar take a da.

Ga yadda nake tsara shi. Da farko ka yi aikin a kan lambobi masu ɗauke da girma da fez, kafin a ɗauki ƙarfi zalla, kuma kafin a sa taga. Ka cika bayanan da sifilai ninki 8 ko 16 don samun kimantawar farko, sannan ka tace ta da matakan Newton biyu ko uku har wurin ya daina motsi. Girma da fez ka samo su ta lissafin mafi ƙarancin murabba'in kuskure a wannan wurin da ka tace. Kwafin da za ka cire kuma kada ya zama siffar littafi. Ka auna ainihin siffar radarka: ko ta madaukin gwaji na cikin na'ura, ko ta kafa madubin kusurwa na ƙarfe a fili inda babu komai kusa da shi. Wannan mataki shi kaɗai yakan fi duk sauran amfani, kuma shi aka fi tsallakewa.

Bayan haka, jirgin ruwa ba ɗigo ɗaya ba ne. Mai tsawon mita 150 na iya mamaye gurabe 50, da gadarsa, da turakunsa, da kusurwoyin ƙarfe birjik, kowanne kuma da tasa hanyar ruwan. Idan ka cire ɗigo na farko alhali na biyu yana kusa da shi, na biyun ya riga ya gurɓata awon na farkon, kuma CLEAN ba ya waiwaye. Maganin da Jian Li da Petre Stoica suka kawo a 1996, mai suna RELAX, shi ne waiwayen: ka samo na biyu, ka cire shi daga bayanan asali, ka sake auna na farko, ka koma na biyu, haka har su natsu, sannan ka ƙara na uku. Wata dabara mai suna SAGE ma kusan wannan tunanin take bi. RELAX yana cin lokacin kwamfuta, amma a bayanan da aka riga aka naɗa wannan ba abin damuwa ba ne. Ka tsaya idan saura ya kai matakin hayaniya da ka auna a wurin da babu komai. Idan ka wuce nan, hayaniya kake sassaƙawa kana kiran ta jirgi.

Masu rada marar mai aikawa, wadda ke aron siginar tashar FM ko ta talabijin, sun fi kowa sanin wannan darasi, domin siginar tashar tana shigo musu kai tsaye da ƙarfin da ya ninka amsa-kuwwar jirgi sau miliyoyi. Su ba sa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Suna jera kwafin siginar tashar a jinkiri daban-daban, su cire duk abin da ya yi kama da kowane haɗin waɗannan kwafi a lokaci guda. Dabarar ECA ke nan, ta Fabiola Colone da abokan aikinta a jami'ar Sapienza da ke Roma. Kana iya aron wannan: ka jera kwafin siffar radarka a duk guraben da jirgin ruwan ya mamaye, a Doplarsa, ka cire su gaba ɗaya. Farashinsa shi ne duk abin da ya shiga wannan yanki ya tafi tare da shi.

Wani abu da ake mantawa: mai yanke hukunci na ƙarshe, wato CFAR, dabarar da ke saita mizanin da sigina za ta haura kafin a ce an ga abu. CFAR na matsakaici yana auna hayaniya daga guraben da ke kewaye, to idan jirgin ruwa ko sauransa ya shiga cikinsu, mizani ya tashi, ƙaramin jirgin ya ɓace ko da ka fito da shi. Yi amfani da na jerantawa, wanda Hermann Rohling ya kawo a 1983: a jera guraben daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ke kashi uku cikin huɗu. Da gurabe 24, na 18 ke nan, kuma zai jure gurabe 6 masu gurɓata.

Dalilin da MUSIC ya ga ɗaya

MUSIC na Ralph Schmidt yana ƙirga sigina ne ta yadda kowace ke sauyawa ita kaɗai daga samfuri zuwa samfuri. Hanyar ruwa kwafin miƙaƙƙiya ce, tare suke hawa tare suke sauka, don haka matiris ɗin dangantaka yana ganin abu ɗaya, kuma kusurwar da zai ba ka ba ta ɗaya daga cikinsu ba ce. Sanannen magani shi ne na Shan da Wax da Kailath na 1985: a yanka jerin zuwa ƙananan jeri masu hawa kan juna, misali eriya 12 sau biyar daga 16 ɗinka, a haɗa matsakaicinsu. Ana ƙara masa da karanta jerin gaba da baya.

Ba na ba ka shawarar ka dogara da shi a nan. Yankan yana raba tagwayen ne gwargwadon yadda bambancin fez ɗinsu ke sauyawa daga ƙaramin jeri zuwa na gaba, kuma sigina biyu da ke cikin sulusin haske ɗaya sauyinsu kaɗan ne. Ga shi ka rage tsawon jerin da kwata, a lokacin da ka fi bukatarsa. Karatun gaba da baya kuma ba ya taimakawa idan bambancin fez a tsakiyar jeri ya zama sifili ko 180, kuma 180 ɗin shi ne ramin da ya fi damun ka.

Abin da ya fi dacewa shi ne lissafin mafi rinjayen yiwuwa, domin shi bai damu da tagwaitaka ba. Ka ɗauki kusurwa biyu, ka gina siffar da jerin zai gani daga kowace, ka bar girmansu da fez ɗinsu su fito ta mafi ƙarancin murabba'i, ka zaɓi biyun da suka bar saura mafi ƙanƙanta. Kai kuma kana da gata: ka san tsayin radarka, ka san nisa. Duk tsayin jirgin da ka zata yana ba ka kusurwoyin biyu kai tsaye, sai nema ya koma na lamba ɗaya. Ka bi tsayi daga sifili zuwa mita 300 a matakan rabin mita. Abubuwa uku za ka kula da su. Tsayin rada sama da ruwa yana sauyawa da cikar teku da janyewarsa, don haka ka sa na lokacin da aka naɗi bayanan. Lanƙwasar duniya a kilomita 10 ta kusa mita 6 idan ka yi amfani da radiyos ɗin duniya da aka ninka da huɗu bisa uku, ba abin yarwa ba ne. Sannan saitin eriyoyin: kuskuren 'yan digiri a fez tsakaninsu ya isa ya ɓata rabuwar sulusin haske, saboda haka ka saita su da abin da ka san kusurwarsa, wanda ke sama sosai inda ruwa ba ya shiga.

Idan radar na iya tsallen zango daga bugu zuwa bugu, yi amfani da shi. Da bambancin hanya na santimita 20, matsawar megahaz 750 tana juya rami ya koma tudu. Ko zango uku zuwa biyar da aka warwatsa a cikin wannan faɗin suna hana ka zama a rami, suna kuma kashe tsayin ƙarya da lissafin kan fitar a zango ɗaya.

Inda waɗannan dabaru ke tsayawa

Duk abin da na faɗa a kan hanya biyu ya ginu ne a kan madubi ɗaya. Idan teku ya yi haushi, mayarwar madubi tana raguwa, wata warwatsattsiya ta taso daga dogon fili tsakanin rada da jirgi, daga kusurwoyi da yawa, fez ɗinta na sauyawa da motsin ruwa. Wannan ba a cire ta, sai dai a lissafa ta a matsayin hayaniya mai fitowa daga ƙasa a rage mata nauyi, a kuma bar matatar bin sawu ta daidaita tsayi a kan daƙiƙoƙi. Haka nan idan tururin da ke kan teku ya kafa bututun iska, hasken yana lanƙwasa, lissafin kusurwa daga tsayi ya kauce. A irin wannan rana ka koma neman kusurwa biyu ba tare da ɗaure su da juna ba. Kuma yayin da jirgin ke ƙara sauka, tazarar na ƙara matsewa: a mita 15 ta koma kashi ɗaya cikin goma na haske, inda ko da sigina mai kyau amsar za ta yi ta rawa.

Kafin ka yarda da kowane sakamako, yi wannan gwajin a kan bayananka. Ɗauki wani yanki mai jirgin ruwa amma babu jirgin sama. Gina ƙaramar sigina ta ƙirƙira da siffar radarka da ka auna, ka zuba ta a ɗanyen bayanan gurabe 5 daga gefen jirgin ruwan, desibel 30 ƙasa da shi. Bi da ita ta duk matakanka. Idan ta fito, sauke ta zuwa 35, 40, 45, har ta ɓace, sannan ka maimaita a gurabe 2, 10 da 20, da kuma Dopla daban-daban. Ka maimaita kowane sau ɗari da fez daban, ka rubuta sau nawa aka gan ta da sau nawa aka ga ƙarya a inda ba ka zuba komai ba. Idan ta ɓace a mataki ɗaya ko ka sauya taga ko ka ƙara zagayen RELAX, koma kan amfilifaya da osileta, a can iyakar take.